Yanka da Ɗinkin Saƙon Gado: Yadda Makarɓan Homon ke Daidaita Nauyin Jiki, da Misalai daga Khartum da Omdurman

1.0 Gabatarwa

A Khartum da Omdurman, biranen da ke mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, likitoci sun daɗe suna fama da matsaloli biyu masu kama da kishiyoyin juna. Ta farko ita ce ƙiba. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Sudan ta gudanar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2016 ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na manyan mutanen ƙasar nauyinsu ya wuce kima, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma yana da ƙiba sosai. Ta biyu ita ce yunwa, wadda ta tsananta bayan ɓarkewar yaƙi a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Matsalolin biyu hanya ɗaya suke bi a cikin jiki, wato ta wani sinadari da kitse ke aikawa ga ƙwaƙwalwa, da kuma abin da ke karɓar saƙon a can.

Wannan takarda za ta bayyana yadda ƙwayar gado guda ɗaya ke samar da makarɓa iri daban-daban, da abin da ke faruwa ga nauyin mutum idan aka sami kuskure a wannan aiki. An kawo bayanin ne ta yadda ɗalibin harshe zai iya bin sa, kuma ya ga yadda Hausa ke ɗaukar nauyin irin wannan fanni.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausawa sun zauna a Sudan tun zamanin tafiya aikin hajji a ƙasa, kuma yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausarsu ta jingina da Larabci. Saboda haka Bahaushen Omdurman ta hanyar Larabci yake samun kalmomin asibiti, na Kano kuwa ta hanyar Ingilishi. Domin kauce wa ruɗani, ga ma'anar kalmomin da aka yi amfani da su a nan:

a) Tantani: mafi ƙanƙantar ɓangare mai rai da aka gina jiki da shi.
b) Ƙwayar gado: yanki na zaren DNA wanda ke ɗauke da umurnin haɗa furotin. Ɗan Adam yana da kimanin 20,000 masu wannan aiki.
c) Homon: sinadarin da wani sashe na jiki ke zubawa a jini domin isar da saƙo ga wani sashe.
d) Makarɓi: furotin da ke kama homon ya isar da saƙonsa ga tantani. Jam'insa makarɓa.
e) Furucin gado: fitowar aikin ƙwayar gado a wani tantani, a wani lokaci, da wani adadi.
f) Yanka da ɗinki: cire wasu sassa na saƙon gado da haɗa sauran. Idan haɗin yana iya zuwa ta fuska fiye da ɗaya, sai a kira shi sauyin ɗinki.

3.0 Yadda Ake Yanka da Ɗinki

Rubutun DNA baƙaƙe huɗu gare shi: A, C, G da T. Idan tantani yana bukatar wani furotin, ba ya fito da DNA daga ma'ajiyarsa, sai dai ya kwafi umurnin a wani zare mai suna RNA. A shekarar 1977 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, ta Phillip Sharp da ta Richard Roberts, suka gano cewa wannan kwafi na farko yana ɗauke da dogayen sassa da ba su shiga cikin saƙon ƙarshe. Wannan ne ya ba su kyautar Nobel a 1993. Sassan da ake cirewa su ne intoron, waɗanda ake bari kuwa ekson, sunayen da Walter Gilbert ya raɗa musu a 1978.

Aikin ya yi kama da na tela a kasuwar Omdurman. Yana shimfiɗa yadi, ya sa alamar alli, ya yanka a kan alamar, ya yar da ƙyallaye, sa'an nan ya ɗinke sauran. Daga yadi iri ɗaya zai iya fitar da jallabiya mai kaiwa idon sawu, ko 'yar gajeriyar riga, gwargwadon inda ya sa allinsa. A wajen tantani, allin shi ne wasu baƙaƙe ƙalilan: kusan kowane intoron a DNA yana farawa da GT, ya ƙare da AG. An ƙiyasta a 2008 cewa kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu ekson fiye da ɗaya suna da sauyin ɗinki. Ta haka ne ƙwayoyin gado kaɗan suke samar da furotin masu yawa.

Akwai wata ƙa'ida da ɗalibin harshe zai gane da sauri. Tantani yana karanta saƙon ne baƙi uku-uku, kowane uku yana nufin amino asid guda, wato tubalin gina furotin. A duba wannan jimla mai kalmomi masu haruffa uku-uku:

1. Ali zai kai mai can yau.

Idan aka cire kalma sukutum, ma'ana ba ta rushe ba:

2. Ali zai kai mai yau.

Amma idan harafi ɗaya ya faɗi, misali “l” na Ali, aka ci gaba da karatu uku-uku, sai a sami:

3. Aiz aik aim aic any au.

Ke nan yankan da ya zo daidai da uku-uku yakan ba da sabon furotin mai aiki, kamar misali na 2. Wanda ya saɓa kuwa yakan lalata duk abin da ya biyo baya, kamar misali na 3. Haka kuma a cikin rukunonin uku-uku akwai guda uku da ke matsayin aya, inda karatu ke tsayawa. Idan aya ta faɗo a tsakiyar saƙo, furotin zai fito guntu.

4.0 Leftin da Makarɓinsa

A wajejen 1950 aka sami wani ɓera a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, wanda ba ya ƙoshi, har nauyinsa ya ninka na 'yan'uwansa kusan sau uku. Aka kira irinsa ob. A 1966 aka sami wani irin mai kama da shi, mai ƙiba da ciwon sukari, aka kira shi db. Douglas Coleman ya haɗa jikin ɓeraye biyu-biyu ta hanyar tiyata har jininsu ya gauraya. Da ya haɗa ob da lafiyayyen ɓera, sai ob ya rage ci. Da ya haɗa db da lafiyayye, sai lafiyayyen ya ƙi abinci har ya mutu da yunwa, shi kuwa db bai fasa cinsa ba. Daga nan Coleman ya yanke cewa akwai wani sinadarin ƙoshi a jini: ob ba shi da shi, db yana da shi da yawa amma jikinsa ba ya jin sa.

A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano ƙwayar gadon wannan sinadari. Aka sa masa suna leftin, daga kalmar Girkanci leptos mai nufin siriri. Tantanin kitse ne ke samar da shi, kuma yawansa a jini yana tafiya da yawan kitsen jiki. A 1995 aka gano makarɓinsa.

Makarɓin leftin yana da sassa uku: kai da ke wajen tantani inda leftin ke sauka, wuya da ya ratsa fatar tantani, da jela da ke ciki. Ƙwayar gadonsa ɗaya ce, amma sauyin ɗinki a ekson na ƙarshe yana fitar da siffofi da dama:

a) Mai doguwar jela, wadda tsawonta ya kai amino asid kusan 300. Shi kaɗai ke iya isar da cikakken saƙo zuwa ma'ajiyar DNA ta hanyar furotin biyu, JAK2 da STAT3.
b) Masu gajeriyar jela, wadda galibi ba ta wuce amino asid 40 ba. Suna kama leftin, amma ba su iya isar da wancan saƙo.
c) Maras wuya da jela, wanda ke yawo a jini yana riƙe da leftin. A ɓera ɗinki ne ke samar da shi, a mutum kuwa yanke kan makarɓi ake yi daga fatar tantani.

A nan ne furucin gado ya shigo. Mai doguwar jela ya fi yawa a haifotalamus, wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai kula da ci da sha da zafin jiki. Masu gajeriyar jela sun fi yawa a huhu da ƙoda da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Idan leftin ya sauka a haifotalamus, yana ƙara furucin ƙwayar gadon POMC, wadda sinadarinta ke kama wani makarɓi mai suna MC4R ya rage sha'awar abinci. A lokaci guda yana rage furucin AgRP mai tayar da yunwa.

5.0 Idan Alli ya Kauce

A 1996 aka gano sirrin ɓeran db. Baƙi ɗaya ne ya sauya, G ya koma T, sai aka sami sabuwar alamar GT a inda bai kamata ba. Saboda haka tantani yakan ɗinka wani ƙyalle mai baƙaƙe 106 a cikin saƙon mai doguwar jela, kuma a cikin ƙyallen akwai aya. Sakamako shi ne duk makarɓan ɓeran gajeru ne. Kitse yana ta aika saƙo, ƙwaƙwalwa ba ta ji.

Misali na farko a ɗan Adam daga zuriyar Afirka ya fito. A 1998 Karine Clément da abokan aikinta a Faransa suka bayyana wasu 'yan'uwa mata uku 'yan ƙabilar Kabil ta Aljeriya, waɗanda iyayensu dangin juna ne. A wajensu G ne ya koma A a bakin ekson na 16, wato alamar yanka ce ta goge. Sai tantani ya riƙa tsallake ekson ɗin gaba ɗaya, makarɓi ya fito ba wuya ba jela. Yaran sun fara ƙiba tun suna watanni, ba su ƙoshi, kuma ba su balaga ba a lokacin da ya kamata. A ɓera an ƙara alama, a mutum an share alama, amma ƙarshen lamarin ɗaya ne.

Ya kamata a bambance wannan da rashin leftin ɗin kansa, wanda masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka bayyana a 1997 a wasu yara biyu 'yan asalin Pakistan. A ido cututtukan biyu iri ɗaya ne. Sai dai mai rashin leftin yana samun sauƙi sosai da allurar leftin, kamar yadda aka nuna a 1999, shi kuwa mai lalataccen makarɓi allurar ba ta yi masa komai. Sai a watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin setmelanotaid, wanda ke tsallake makarɓin leftin ya kama MC4R kai tsaye.

Wannan ciwo ba shi da yawa. A wani bincike na 2007 a kan mutum 300 da suka yi mummunar ƙiba tun suna ƙanana, 8 ne kawai aka samu da shi. Amma yana da muhimmanci ga Sudan da ƙasar Hausa, domin ba ya bayyana sai yaro ya gaji ɓatacciyar ƙwayar daga uwa da kuma uba. Idan iyayen biyu suna ɗauke da ita a ɓoye, kowace haihuwa tana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kamar dai yadda ake lissafin ciwon sikila. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan iyaye, kuma binciken da aka yi a Khartum a shekarun 1980 ya nuna kusan rabin aure a can na dangi ne. Yaron da ya fara ƙiba mai tsanani kafin ya kai shekara biyar, kuma yake kuka da yunwa ko ya gama cin abinci, likita yake bukata, domin faɗa da gorin haɗama ba za su kai saƙon da ƙwaƙwalwarsa ba ta samu ba.

6.0 Ƙiba ta Gama-gari da Binciken Sudan

Mafi yawan masu ƙiba makarɓansu lafiya lau suke a rubuce. Wani bincike na 1996 ya nuna leftin a jinin masu ƙiba ya ninka na marasa ƙiba kusan sau huɗu, kuma da aka gwada yi musu allurarsa a 1999 ba a ga raguwar nauyi mai yawa ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa shi ne, idan saƙon ya yi yawa, tantani yakan ƙara furucin wani furotin mai suna SOCS3 wanda ke toshe jelar makarɓi, kamar mazaunin bakin kasuwa da kunnensa ya saba da hayaniya.

A 2002 Moawia Abdelgadir da wasu likitocin Sudan, tare da takwarorinsu na Suwidin, suka auna leftin a jinin masu ciwon sukari na manya a Sudan. Sun tarar ya fi yawa a mata, kuma yana ƙaruwa da nauyin jiki, kamar yadda aka gani a wasu ƙasashe. Sun kuma tarar masu ciwon sukarin leftin ɗinsu bai kai na lafiyayyu ba. Wannan ya dace da abin da aka sani cewa insulin yana daga cikin masu tunzura kitse ya fitar da leftin. Irin wannan aiki yana da amfani saboda galibin binciken gado an yi shi ne a kan Turawa, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Farfesa Muntaser Ibrahim na Cibiyar Cututtukan Gida ta Jami'ar Khartum yana cikin waɗanda suka yi nazarin wannan bambanci, kuma wani aiki da ya sa hannu a ciki a 2008 ya haɗa da Hausawa da Fulanin Sudan.

7.0 Wasu Makarɓa

Sauyin ɗinki bai tsaya ga leftin ba. Ga misalai uku:

a) Makarɓin insulin yana da siffa biyu. Bambancinsu ekson na 11 ne, mai baƙaƙe 36, wato amino asid 12 cif. Da yake 36 yana rabuwa uku-uku, cire shi bai lalata saƙo, kamar misali na 2 a sama. Siffar da ke da shi ta fi yawa a hanta, wadda ba ta da shi ta fi yawa a ɗan tayi da ƙwaƙwalwa.
b) Girelin, homon ɗin yunwa da tumbi ke fitarwa, an gano shi a Japan a 1999. Cikakken makarɓinsa yana ratsa fatar tantani sau bakwai, guntun kuwa sau biyar, kuma guntun ba ya kama girelin.
c) Makarɓin kotisol yana da siffar alfa da beta, waɗanda suka rabu a ekson na 9. Alfa ce ke kama homon, beta ba ta kama shi, hasali ma takan rage ƙarfin alfa.

Misali na uku ya shafi rayuwar yau da kullum. A Sudan, kamar a ƙasar Hausa, ana ɗaukar cikar jiki a matsayin kyau ga mace, musamman amarya. Kafin yaƙi kafofin yaɗa labarai sun sha ba da rahoton 'yan matan Khartum da ke shan ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira “sha ka fashe” a Arewacin Nijeriya. Da yawansu deksametason ne, magani mai kwaikwayon kotisol. Yana kama siffar alfa, ya shiga ma'ajiyar DNA ya sauya furucin ƙwayoyin gado masu yawa. Ci yakan ƙaru, kitse ya taru a fuska da ciki da ƙeya, naman hannu da ƙafa ya zube, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta daɗe tana sha kuma, daina shi farat ɗaya yana da haɗari, domin jiki ya riga ya rage samar da nasa kotisol. A hannun likita ake janye shi sannu a hankali.

8.0 Leftin a Lokacin Yunwa

Gwajin da Rexford Ahima da abokan aikinsa suka yi a kan ɓeraye a 1996 ya nuna cewa babban aikin leftin shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan rumbu ya fara ƙarewa. Da zarar abinci ya yanke, leftin yakan faɗi tun kafin kitse ya zube. Sai haifotalamus ya tayar da yunwa, ya rage ƙona abinci, ya dakatar da abin da za a iya jinkirtawa, kamar al'adar mata da balaga. Ƙarfin garkuwar jiki ma yakan ragu. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Wannan bayani ne na abin da mutane suka shiga bayan Afrilun 2023, lokacin da iyalai da yawa a Khartum da Omdurman suka dogara da takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa, kuma aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Darfur ta Arewa a Agustan 2024. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan yara masu tamowa a asibitin Mulago na Kampala ya nuna cewa ƙarancin leftin a ranar kwantar da yaro yana daga cikin manyan alamun haɗarin mutuwa, domin yana nuna kitsen da zai riƙe shi ya ƙare.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙwayar gado ɗaya tana iya ba da makarɓa daban-daban ta hanyar sauyin ɗinki, kuma furucin gado ne ke tantance wace siffa za ta fito a wane sashe na jiki. An ga yadda sauyin baƙi ɗaya a alamar yanka ya hana ƙwaƙwalwa jin ƙoshi a ɓeran db da kuma a 'yan'uwa uku na Kabil, da yadda hanyar ta shafi mai ƙiba, mai shan ƙwayar sa ƙiba, da yaro mai tamowa. Ga ɗalibin Hausa, aikin da ya rage shi ne gwada kalmomin kashi na 2.0 a bakin masu magana, a Kano da Maraɗi da Omdurman, a ga wadda uwa za ta gane idan ma'aikacin lafiya yana yi mata bayanin ciwon ɗanta.